In Firiza Ta Mutu Da Nama A Ciki

A shekarun baya, in aka yanka saniya a ƙasar Gumel, kafin rana ta faɗi an san inda kowace tsoka za ta. Wata a dafa, wata a soya, wata a yanyana a shanya. Ba a kwana da ɗanyen nama, gama ba inda za a sa shi. Yanzu firiza ta shigo. Akwai ta a gidajen ma'aikata a Gumel da Maigatari, akwai ta a shagunan masu sayar da ƙanƙara da zoɓo a Sule Tankarkar da Gagarawa. Waɗansu ƙungiyoyin gama kai ma sukan haɗa kuɗi su saya, wata ta wutar gari, wata ta janareta, wata ta sola. Abu ce mai amfani ƙwarai. Amma ta koya mana tara nama mai yawa a wuri guda mu dogara ga wuta, ita kuwa wuta ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Mun ga wannan a watan Oktoba na 2024. Babban layin wuta da ke tasowa daga Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya tsaya saboda ɓarnar da aka yi masa. Ran 21 ga watan kuma sai layukan da ke tasowa daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurɗi suka katse. Jigawa da Kano da Katsina, watau jihohin da kamfanin KEDCO ke raba wa wuta, da sauran jihohin arewa da dama, suka shiga duhu fiye da mako guda. Sai a ƙarshen watan aka fara maido da wutar. Mai janareta ma bai tsira sosai ba, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kunna inji dare da rana ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Ban da irin wannan babban duhu, firiza takan mutu da kanta. Injinta ya ƙone, ko iskarta ta tsiyaye, ko batirin sola ya gaji.

To, an ɗaga murfi an tarar nama ya saki. A ci ko a zubar? Yawancinmu mukan kai hanci mu sansana. Muna so mu nuna a nan cewa hanci ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Abu biyu ne za su yanke hukunci, watau sanyin da ya rage a jikin naman, da yawan awoyin da ya yi ba sanyi.

Abin da sanyi yake yi

Kowane ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, daga wuƙa, daga hannu, daga ƙuda, daga ƙasar da aka feɗe dabbar. Firiza mai lafiya tana riƙe da sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Wannan sanyi ba ya kashe ƙwayoyin. Barci kawai yake sa su. Da zarar nama ya saki sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin nan suke hayayyafa, suna kuwa fi jin daɗi a zafi irin na jikin mutum. A irin wannan zafi waɗansu sukan rabu biyu kowane minti 20. Mu lissafa. Ƙwaya ɗaya ta zama 8 cikin awa guda, ta zama 64 cikin awa biyu. Kafin awa bakwai ta wuce miliyan biyu. Mu tuna kuma a watan Afrilu da Mayu zafin ƙasarmu yakan haura digiri 40 a inuwa. Ɗakin da ke da rufin kwano kuwa ba sai an faɗa ba.

Ƙwayoyin da ke sa nama wari da yauƙi dabam suke da waɗanda ke kwantar da mutum. Waɗannan na biyu sau da yawa ba sa sāke wari ko launi ko ɗanɗano. Nama yana iya yin kyau a ido alhali ya cika da su. Shi ya sa muke cewa wari shaida ce ta a zubar, amma rashin wari ba shaida ce ta a ci ba. Kada kuma a ɗanɗana don a gwada.

Wani zai ce, ai wuta tana kashe kome, sai a tafasa shi sosai. Gaskiya ne tafasa tana kashe ƙwayoyin. Amma waɗansunsu, in suka sami lokaci, sukan zuba dafi cikin abinci, dafin kuwa tafasa ba ta karya shi. Akwai irin da ke yin haka a nama da madara, akwai irin da ke yin haka a dafaffiyar shinkafa. Kifin ƙanƙara irin su sukumbiya yana da nasa. In ya yi ɗumi yakan tara wani abu da ake kira histamin, wanda suya da banda ba sa kawar da shi. Wanda ya ci, ba da daɗewa ba sai fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo.

Ranar farko: a bar murfin a rufe

Abu na fari da za a yi in wuta ta tafi ko inji ya yi shiru shi ne a rubuta lokacin, ko da da gawayi ne a bango. Gobe ba wanda zai tuna daidai. Na biyu, a hana buɗewa. Ma'aikatar gona ta Amurka ta ce firizar da ke cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kamar awa 48. Wadda ke rabi kuwa awa 24. Firji na ruwan sha awa 4 ne kawai. Wannan lissafi ba na ɗakin kwano a bazara ba ne, saboda haka mu rage shi, kada mu ƙara. Kowace ɗaga murfi don a ɗauko wa baƙo ruwan sanyi tana cinye wani abu daga cikin awoyin nan.

A lulluɓe ta da bargo ko tsofaffin buhuna, amma a kwashe su da zarar an kunna ta, don injin yana bukatar iska. In ana samun ƙanƙara a gari a saya a jera a kan kayan, a buɗe sau ɗaya a rufe. In wani a cikin ƙungiya yana da firizar sola mai fili, a kai masa naman tun yana da tauri, a cikin kula, da sassafe ko da dare. In kuwa an ga alamar abin zai wuce kwana guda ba mafita, kada a zauna jiran wuta. A nemo itace, a aika a kira mutane.

Kashi uku

A wanke hannu da sabulu, a kawo manyan kwanoni uku, a fito da kayan ɗaya ɗaya ana taɓawa. Na sama da na jikin bango su ne kan fara narkewa, na tsakiya da na ƙasa su daɗe.

Wanda yake da tauri har yanzu, ko in an matsa ana jin ƙanƙara a cikinsa, lafiyarsa ƙalau. Ana iya mai da shi wata firiza ya sāke daskarewa. Zai ɗan rage daɗi, domin ya zubar da ruwa, amma ba zai cuci kowa ba.

Wanda ya saki duka, amma yana da sanyi irin na ruwan da ƙanƙara ke ciki, wanda hannu ba ya son daɗewa a kansa, shi ne na aikin yau. Ba gobe ba. A nan mu lura da kyau, gama a nan ake yin kuskure. Sanyin ruwan randa ba sanyi ba ne a wannan lissafi. Ruwan randa yana da daɗin sha, amma ya fi digiri 5 nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ke da firiza ya kamata ta sayi ɗan ma'aunin zafi ta ajiye a ciki. Kuɗinsa bai kai na cinyar akuya ba.

Kashi na uku shi ne wanda ya yi ɗumi, ko sanyinsa ya koma na randa, ya kuma yi fiye da awa biyu a haka, ko ba wanda ya san tun yaushe. A tsananin zafi ma awa ɗaya ce iyakar. Wannan ba na ci ba ne. Za mu komo kansa.

Sai jan ruwan da ya taru a gindin firiza. Duk dafaffen abincin da ruwan nan ya shiga, miya ce ko alale ko wake, ya bi kashi na uku. Masu sayar da ruwan leda da zoɓon leda su kula ƙwarai, domin da haƙori ake huda leda. Ledar da ta kwanta cikin ruwan nama, yaro zai kai ta bakinsa kai tsaye. In ba za a wanke kowace ɗaya da sabulu a ɗauraye da ruwa mai tsabta ba, a haƙura da ita. Ƙanƙarar da ruwan nama ya taɓa kuwa kada a sayar wa mai kunu ko mai fura.

Aikin yini guda

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Naman watanda na saniya guda ya fi ƙarfin mace ɗaya da murhu ɗaya, saboda haka a kira matan ƙungiya a hura murhu uku ko huɗu. Ba a farawa da abin da ya fi tsada, da abin da ya fi saurin lalacewa ake farawa. Kayan ciki tukuna, watau hanta da ƙoda da tumbi da hanji, da duk naman da aka niƙa ko aka yanka ƙanana. Sa'an nan kifi, sa'an nan kaji. Manyan tsokoki su ne na ƙarshe, a bar su a rufe cikin firizar tare da sauran ƙanƙara har layi ya zo kansu. Kayan ciki ba na ajiya ba ne. A yi farfesu a ci a ranar, a raba wa maƙwabta da zafinsa.

Dabarar sauran naman ita ce a raba shi da ruwa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jan nama ruwa ne, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa hayayyafa inda ba laima. Iyayenmu sun san wannan tun ba a ƙera firiza ba. Abin da ake yi wa naman layya ke nan kowace shekara a gidajen maƙwabtanmu.

Hanyar da muka fi amincewa da ita ga naman da ya narke ita ce tafasa sa'an nan suya. A yanka shi madaidaita, kada ya wuce girman ƙwan kaza, a sa gishiri da ɗan yawa, da albasa da citta. A dafa har ruwan ya tsotse, a yanka guda a duba a ga ba ja a tsakiya. Sa'an nan a soya cikin kitsensa ko man gyaɗa a wuta marar ƙarfi. Kada a yi hanzari. Muddin mai yana kumfa yana ƙara, ruwa ne ke fita. In kumfar ta kwanta, naman ya yi duhu ya yi sauƙi a hannu, ya soyu. Wuta mai ƙarfi takan ƙona baya ta bar laima a ciki, irin wannan shi ne ke yin fumfuna bayan kwana uku. A tsame a baza a faranti ko tire ya huce sarai. Kada a zuba shi cikin leda ko bokitin roba da zafinsa, zai yi gumi, gumin kuwa ya mai da aikin baya. A ajiye cikin kwando ko kwano mai tsabta inda iska ke ratsawa, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda. Kowane kwana biyu ko uku a duba, in ya fara laushi a sāke ɗora shi a wuta. A riƙa ɗiba da cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba.

Dambun nama ya fi wannan daɗewa, in an yi shi da kyau. A dafa tsoka marar kitse har ta yi laushi ƙwarai, a daka a turmi mai tsabta, a sa yaji, a soya ana juyawa har ya bushe ya yi wara wara. Kaza ma tana yin dambu. Aiki ne mai cin lokaci, amma dambu yana da kasuwa, ƙungiya tana iya mai da wani abu daga kuɗinta.

Kifi sai banda. A fasa ciki a wanke, a sa gishiri, a jera a kan waya bisa garwashi da hayaƙi. A fara da zafin da zai dafa shi, daga baya a rage wuta a bar shi ya ƙyafe har ya yi ƙarau. Tarwaɗa da karfasa suna karɓar banda sosai. Sukumbiya mai ce da ita, ba ta daɗewa ko an yi banda, gara a soya a ci.

Kilishi fa? Muna son kilishi, amma a nan sai da sharaɗi. Kilishi ɗanye ake shanya shi, yakan yi awoyi a rana kafin ya bushe, naman da ya narke kuwa ya riga ya yi rabin tafiya. Saboda haka sai tsokar cinya daga kashi na fari, wadda ke da sauran ƙanƙara, ita ce ma ta fi daɗin yanyanawa. Sai kuma da rani ko hunturu, sa'ad da iska ke bushe. A yanyana shi falle falle kamar takarda, a shanya a kan gadon kara nesa da ƙasa, a tsoma cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sāke shanyawa, sa'an nan a gasa a garwashi. Wannan gashi na ƙarshe ba ado ba ne, kada a tsallake shi. Da damina kuwa a manta da kilishi, a yi suya.

Wuƙa da katako da kwanon da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa soyayye sai an wanke su da sabulu.

Sauran kayan ba su da wuya. Niƙaƙƙen tumatir da tattasai, in da sauran sanyi, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai da gishiri, a riƙa ɗumamawa safe da yamma. Miyar da ke da sanyi a tafasa ta sosai a ci a ranar. Kunun aya da madara da awara ba su da haƙuri ko kaɗan, in sun yi ɗumi a zubar. Nono mai tsami ya fi su jurewa. Gari da burodi da gyaɗa da barkono ba abin da ya same su, in dai ruwan nama bai taɓa su ba.

Ɗanyen kayan lambu kuma akwai dabarar da ta fito daga jiharmu. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa ake sawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai da yalo suna daɗewa a ciki, musamman da rani. Amma sanyinta ɗan'uwan na randa ne. Ba wurin ajiye ɗanyen nama ko kifi ba ne.

Kashi na uku, da jarabar da ke cikinsa

Mun san abin da kuɗin sa ko rago yake a kasuwar Maigatari ran Alhamis. Ba mai haƙa rami ya binne irin wannan dukiya zuciyarsa ba ta yi zafi ba. Nan ne shawarwari sukan fito. Wani ya ce a wanke da ruwan tsami ko lemo. Wani ya ce a cika masa yaji. Wani ya ce a karyar wa mai tsire ko mai tuwo a tasha, wani ya ce a ba mabukata. Wanki da yaji suna ɓoye wari ne kawai, dafin yana nan. Sayarwa ko bayarwa kuwa ɗauke cutar ne daga gidanka ka kai gidan da ba su san tarihin naman ba. Babba mai ƙarfi yana iya yin zawo kwana biyu ya tashi. Yaro ƙarami, da tsoho, da mace mai ciki, da wanda ciwo ya riga ya raunana, su ne abin yakan kayar.

Shi ya sa muke ba ƙungiyoyi shawara su yanke magana tun firiza tana da lafiya. A rubuta a littafin ƙungiya cewa in haka ta faru hasarar ta kowa ce, a raba ta bisa ga hannun jari. In aka bar wa mai riƙe da mabuɗi shi kaɗai, tsoron biya zai sa ya ɓoye, ko ya sayar a asirce. A sa mutum biyu ko uku su duba tare su yanke hukunci.

A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a danne da duwatsu ko ƙaya saboda karnuka. Kada a jefar a juji.

In wani ya riga ya ci, amai da zawo suka kama shi, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a asibiti da kantin magani. In babu, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Mai shan nono ya ci gaba da sha. In da jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kāsa sha, a tafi asibiti nan da nan.

Narkewar da ba a gani ba

Akwai wadda ta fi mutuwar firiza haɗari, domin ba ta da shaida. Mai gida ya yi tafiya, wuta ta tafi kwana biyu, kaya suka narke, wuta ta komo suka sāke daskarewa. Ya dawo ya tarar da kome da tauri. Alamunta su ne jan ruwa da ya daskare a gindi, da ledojin da suka manne suka zama dunƙule guda.

Ga dabara marar tsada. A zuba ruwa rabin gorar roba, a kwantar da ita har ya daskare a gefe guda, sa'an nan a tsai da ita a cikin kwandon sama. Duk ranar da aka ga ƙanƙarar ta koma gindin gora, an san firizar ta saki a bayan ido, sai a bincika tsawon lokacin kafin a ci kome. Sauran filin da ba kaya kuma a cika shi da gorunan ruwa, gama mun ga cikakkiyar firiza tana riƙe sanyi ninki biyu na wadda ke rabi. Nama kuwa a ƙulla shi ƙananan ƙulli na girki ɗaya ɗaya, a sa shi can ƙasa, dafaffen abinci a sama.

Kafin a mai da kaya, a zare wayar daga bango, a kwashe ruwan, a wanke da sabulu. Sa'an nan a goge da ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, babban cokali ɗaya cikin lita 4 na ruwa, har da robar bakin murfi inda jini ke maƙalewa. A bar ta a buɗe ta sha iska, a hana yara wasa kusa da ita. In wari ya ƙi fita a sa gawayi cikin kwano a rufe kwana biyu. Kada a sa wuƙa a ɓamɓare ƙanƙarar jikin bango, domin bututun iskar yana nan kusa, huda ɗaya ta isa. In wuta ta ɗauke ta komo nan take, a dakata kamar minti biyar kafin a kunna, in kuwa ta zo ba ƙarfi a kashe, don irin wannan ce ke ƙona inji. Bayan mai gyara ya gama, a bar ta ta yi aiki da gorunan ruwa kaɗai. Sai sun daskare sun yi tauri a sa nama.